Dunƙulen Dakta Badaru

Badaru taubashina ne, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da ikon faɗa ta fuska biyu. Ba likita ba ne. Ko maganin ciwon kai bai taɓa sayarwa ba. Abin da ya faru shi ne, an taɓa ɗaukarsa aikin jera kujeru a wani taron bita na ma'aikatan lafiya a Bici, da ya gama jerawa sai ya tsaya a bakin taga yana saurare. Da aka tashi aka ba shi ragowar riga mai hoton karas a ƙirji. Ya dawo garinmu da rigar da kuma kalmomi biyu, furotin da bitamin, ya hana kowa sakat. Ka ba shi goro, sai ya jujjuya shi ya ce babu furotin a ciki, sannan ya jefa a baki.

Mu muka laƙaba masa Dakta don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

To, a ƙarshen daminar bara matarsa Fadima ta haihu, haihuwar ta zo da gardama har sai da aka yi mata aiki. Uwarta Hajiya Amsa, mai sayar da turaren wuta a Ɗanbatta, ta zo da mota ta ce za ta tafi da 'yarta ta yi jinya da wanka a gabanta. Wannan babu wanda ya ja. Maganar ta tsaya ne a kan manyan yaran, Ramlat 'yar aji huɗu da ƙanenta Jamil da bai daɗe da shiga aji ɗaya ba.

Ina tsakar gidan ina taya su ɗaure kaya. Badaru yana durƙushe a ƙofar ɗaki, takalmi a gefe, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi.

"Su ma su haɗa kayansu," in ji Hajiya. "Namiji ba ya riƙon yara. Da safe ka saya musu koko, na ji. Da dare ka dafa garau-garau, na ji. In sun taso daga boko da yunwa, kafin su wuce Islamiyya, me za ka sa musu a baki? Labari?"

A nan zan faɗi gaskiya ko da a kan taubashi ne. Duk surutun Badaru, yaran nan su ne ransa. Bai taɓa cin tsire a kasuwa bai naɗo musu nasu a takarda ba. Gidan da babu Fadima, babu Ramlat, babu Jamil, wallahi ba zai iya zama a cikinsa ba. Da ya faɗi haka kawai, da tsohuwar ta tausaya an wuce wurin. Amma Badaru ne.

"Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai kin taɓo fannina. Abin taɓawar yara bayan makaranta ilimi ne mai zaman kansa. Mun yi shi a Bici."

"Kun yi shi?"

"Mun yi shi ciki da bai. Ranar da kika sake ganin yaran nan sai kin tambaya 'ya'yan wane ne."

Hajiya ta gyara mayafi, ba ta ko kalli inda yake ba. "To madalla. Zan dawo kafin arba'in in duba su da idona. In na ga sun rame, ko a bakin makaranta na same su zan sa su a mota. Kuma ba za su dawo ba sai ranar da uwarsu ta dawo, ko da bayan sallah ne."

Mota na tashi, Inna Barira ta leƙo. Ita ce tsohuwar da ke sayar da ɗanwake a bakin layinmu, babu wanda ya girma a unguwar nan bai lashi kwanonta ba.

"Badaru, in sun taso ka ce su biyo ta wajena su ɗan taɓa wani abu."

"Inna, da ɗanwake kuka rene mu, shi ya sa muka tsaya inda muka tsaya. Yarana kimiyya za su ci."

"Da ɗanwaken nan ubanka ya nome gonar da kake taƙama da ita."

"Da ya samu furotin da biyu ya bar min."

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ja zanenta ta tafi.

Washegari ya fara da abin da ya kira kunun ƙwaƙwalwa. Ya haɗa gero da waken suya da gyaɗa da busasshen zogale da dabino a bokiti, ya sa rigar karas, ya nufi inji.

Kowa a garin nan ya san dokar inji, har yaron da bai iya ɗaura wando ba. Hatsi ake fara niƙawa, barkono a ƙarshe. In kuwa ka zo bayan an niƙa barkono, sai ka jira mai inji ya zuba dusa ta bi ta wanke cikin injin, sannan a zuba naka. Badaru ya isa daidai lokacin da Najib mai inji ya sauke yajin Inna Barira, wurin duk ana ta atishawa.

"Dakta, ɗan dakata in zuba dusa."

"Dusa? Ta mece ce?"

"In wanke injin. Yanzu na niƙa barkono."

"Abincin akuya za ka fara zubawa, sannan ka ɗora kayan kimiyya a kai? Ka san yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin dusa?"

"Ban sani ba. Na dai san yawan barkonon da ke cikin injin nan."

"Zuba min kayana yadda suke. Ni na yi karatun, ba kai ba."

Najib ya zuba. Garin ya fito da wani ja-ja, Badaru ya ce dabinon ne ya nuna kansa.

Da yaran suka taso, ya zaunar da su a tabarma, ya kira ni in zama shaida. Jamil ya kai ludayi baki. Bai yi kuka ba. Bakinsa dai ya buɗe, ya ƙi rufuwa, hawaye na zuba ba sauti. Ramlat ta ɗanɗana da bakin yatsa, ta ajiye kofin a hankali.

"Baba, yana cizo."

"Bitamin ne ke shiga jiki. Duk abin da ba ka ji shigarsa ba, ba ya aiki. Ku duba ku gani."

Ya ɗaga kofi ya shanye a tashi ɗaya. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya zauna yana kallon katanga, gumi na ɗiga ta haɓarsa.

Na ce, "Dakta, yaya?"

Sai da ya nemo muryarsa sannan ya ce, "Ya shiga."

Tukunya guda ya dama. Zubar da abinci haramun ne, bayar da shi kuma tonon asiri ne, saboda haka shi kaɗai ya bi ta da kaɗan-kaɗan har ya ga ƙarshenta. Ni ba mai saurare ta katanga ba ne, amma ƙarar buta ba ta neman izini. Kwanakin nan butar gidan Badaru ba ta huta ba.

Da ya ɗan farfaɗo sai ya ce kuskuren daga Najib ne, kuma yanzu awara zai yi, don ita ce uwar furotin. Ya jiƙa waken suya, ya kai inji da sassafe, ya tace, ya ɗora a wuta. Har nan babu laifi. Saura abin da ake zubawa ta haɗe ta dunƙule. Duk yarinyar da ta kai tallan awara ta san ruwan tsami ne. Matata Aina'u ta leƙa ta katanga za ta faɗa masa, ya ɗaga mata hannu.

"Na sani."

"Ai ban faɗa ba tukuna."

"Duk abin da za ki faɗa, mun wuce wurin a Bici."

Kanwa ya zuba. Hujjarsa ita ce duk girkin mata da ya gagara, kanwa suke jefawa. Ya jira ta haɗe, ba ta haɗe ba. Ya ƙara kanwa. Ruwan ya koma wani kore-kore yana kumfa, yana wari kamar an jiƙa tsohon buhu. Wani da ya tsaya nan. Badaru ya ce ai a wajen suya take haɗewa, ya ɗora kasko, ya bari mai ya yi zafi sosai, ya kamfato ludayi guda ya sheƙa a ciki.

Ƙarar sai da ta tayar da kajin gida uku. Wuta ta yi sama ta lashi rumfar karan da ke kan murhu. Kafin ka ce kwabo unguwa ta cika gidan, masu bokiti, masu tulu, wani ma da butar alwala. Aka kashe wutar. Rumfa ta tafi, kasko ya tafi, girar Badaru duka biyu sun tafi. Ya tsaya a tsakiyar hayaƙi da ludayi a hannu, fuskarsa fayau, kamar wanda aka gaya wa labarin mamaki ya kasa dawowa daidai.

Inna Barira ta ajiye bokitinta ta leƙa tukunyar.

"Wannan ce kimiyyar?"

"Matakin farko ne."

"Allah ya sa mu ga na biyu daga nesa."

Aka miƙa wa akuyar gidan, ta sunsuna ta juya baya. Shi ya shanye wannan ma, ya ce miyar awara ce, a ƙasashen da suka ci gaba ita ake yayi. Abin da kanwa mai yawa ke yi wa ciki kuwa ba sai na ɓata bakina ba. Butar da ta fara hutawa ta koma bakin aiki.

Daga nan unguwa ta yanke nata hukuncin ba tare da an yi taro ba. Hanyar makaranta zuwa gidan Badaru miƙaƙƙiya ce, amma yaran suka koma biyowa ta lungu. Inna Barira ta kira su ta zuba musu ɗanwake. Aina'u ta tare su da dafaffiyar gyaɗa ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Gaba a ba su dankali, gaba rogo da yaji, gaba gwaiba ko guntun rake, wata rana fura da nono. Kaka ce, kowane gida akwai abin taɓawa. Babu wanda ya gaya wa Badaru, domin babu mai lokacin jin laccar Bici.

Ba a jima ba yaran suka fara shigowa gida da ɗan ƙulli a leda.

"Baba, ga shi."

"Daga ina?"

"Daga gidan Inna Barira."

Ya kwance ya duba, ya gyaɗa kai a hankali, sannan ya ƙwala min kira ta katanga.

"Taubashi! Zo ka ga abin da nake faɗa maka. Sun fara sallamawa. Matan unguwa sun fara aiko da girkinsu in duba musu."

"In ka duba kuma sai me?"

"In ba su maki."

Ya cinye tas, ya lashe ledar, ya ce a gaya wa Inna Barira mai ya yi yawa amma akwai alamun ci gaba. Kullum haka. Yau a gaya wa Aina'u gyaɗarta ta dahu fiye da ƙa'ida, gobe a gaya wa wance rogonta babu bitamin. Ramlat takan ce to. Ni ma ban zurfafa tambaya ba, na ɗauka tausayi ne irin na mata.

Sai babban aikin ya zo, wanda ya ce da shi za a riƙa tuna sunansa: Dunƙulen Lafiya. Ya daka gyaɗa da aya da dabino da zogale da garin kuka, ya mulmula kamar dakuwa. Da ya ɗaga sai su wargaje. Ya zauna ya yi nazari, ya tafi kasuwa ya sayo ƙaro, irin wanda ake sa wa tawada da hula, ya jiƙa shi da kauri ya kwaɓa da shi. Ya ɗanɗana kwaɓin yana ɗanye ya ce ya yi. Sannan ya hau tsani ya jera su a kan kwanon ɗakinsa, ya bar su rana ta gasa su har ta gaji.

Da ya sauko da su suna ƙyalli. In ka zuba su a faranti sai ka rantse tsakuwa ake saukewa daga tifa.

Ya cika wa yaran aljihu da su. Lokacin dawa ta fara nuna, tsuntsaye sun addabi gonaki, duk yaron da ya taso daga makaranta sai a tura shi kora da danƙo. Garinmu kuwa ƙasar jigawa ce, yashi ne ko'ina, samun dutsen harbi sai an sha wuya. Wani abokin Jamil ya gwada dunƙule ɗaya a danƙonsa. Kafin la'asar labari ya kai gonar ƙarshe.

Washegari Badaru ya fito ya tarar da layin yara a ƙofar gidansa, kowa ya miƙo hannu. Har da manya, Umara mai gonar bakin rafi ya zo da ƙwarya ya ce a cika masa.

Badaru ya dube ni, ya shafa inda girarsa take a da.

"Ka gani? Ciki ba ya ƙarya. Jikin yaro ya san abin da yake buƙata."

Na ce, "Dakta, harbin tsuntsu suke yi da shi."

"Hassada."

"Wallahi jiya na ga an kayar da kurciya."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Kai tun muna yara ba ka son ka ga na ci gaba."

"Ka ci ɗaya mana in gani."

"Likita ba ya shan maganin marar lafiya."

Ana cikin haka Hajiya Amsa ta bugo waya ta ce tana tafe ranar Laraba. Mai hankali da sai ya share gida ya yi wa yara wanka ya yi shiru. Badaru ya ce ranar za a ƙaddamar da Dunƙulen Lafiya a gaban jama'a, don surukarsa ta san wa ta ba 'ya. Ya gayyato mai unguwa da liman da hedimasta, ya aro bencina daga makaranta. Jerin da ya yi musu a ƙofar gida kuwa, tsakani da Allah, ban taɓa ganin mai kyansa ba, nan kam an ga karatun Bici. Ya tula dunƙulen a babban faranti ya rufe da farin leshin Fadima.

Jama'a ta taru fiye da yadda ya zata, domin wanda ya ga gobara ba ya son a ba shi labarin na gaba. Mata suka cika zaure da bayan katanga. Hajiya ta sauka daga mota, aka shimfiɗa mata darduma a bakin zaure, Badaru ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta.

Aka tashi daga makaranta, yaran suka iso. Hajiya ta jawo Ramlat ta matsa damtsenta, ta juya ta, ta leƙa idonta. Ta ɗaga Jamil ta sauke da nishi. Kumatunsa har sun fara rufe masa ido.

"Masha Allah," in ji ta. "Ban yi zato ba."

Jama'a, a nan fa Badaru ya ci. Magana ta ƙare. Ya ce na gode, a sha ruwa, a watse, yara su kwana a gidan ubansu. Har na fara yi masa alama da ido. Ina! Ya miƙe, ya gyara rigar karas, ya yi gyaran murya.

Ya yi bayani a kan furotin. Ya yi a kan bitamin. Ya ce kafin zuwansa yaran garin nan cika ciki kawai suke yi. Ya ce ƙibar da Hajiya ta gani aikin hannunsa ce shi kaɗai, babu wata mace da ta sa masa hannu, ga kuma sirrin. Ya yaye leshi.

Ya fara miƙa wa mai unguwa.

"Azumi nake," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, yau Laraba."

"Ramuwa ce."

Ya juya wajen liman. Liman ya ce shi ma yana taya mai unguwa. Hedimasta ya ɗauki ɗaya don kara, ya suɓuce masa, ya daki ƙafar benci ya ce ƙwal, ya gangara tsakiyar fili. Wata kaza ta rugo ta kai masa sara. Ta tsaya, ta girgiza kai, ta koma inda ta fito.

Hajiya ta ce, "Jamilu, ɗauki ɗaya ka ci in gani."

Jamil ya dube ta da mamaki. "Kaka, ai ba a ci. Harbawa ake yi."

Ban san wa ya fara ba, amma dariyar sai da ta kai bakin kasuwa. Umara ya faɗo daga kan benci. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Hajiya kaɗai ce ba ta yi ba.

"Badaru."

"Na'am, Hajiya."

"Kai ci."

Na ga dabara ta faɗo masa, har fuskarsa ta washe. Ya sake durƙusawa ya sunkuyar da kai.

"Haba Hajiya. In ci abinci a gabanki? Ai ko ruwa ban taɓa sha a gabanki ba. Ina kunyar take? Me za a ce da tarbiyyar gidanmu?"

Dattawa suka fara gyaɗa kai, domin maganar gaskiya ce, suruki ba ya tauna a gaban surukarsa. Sai Hajiya ta tattare mayafinta, ta juya a kan dardumar, ta fuskanci bango, ta ba duk taron baya.

"Na juya. Ci."

Babu sauran mafaka. Ya zaɓi mafi ƙanƙanta, ya yi bismilla da ƙarfi, ya kai shi can cikin baki, ya danna.

Ƙas!

Har na bayan katanga sun ji. Badaru ya dafe kunci, ido ya firfito.

Hajiya, fuskarta na bango, ta ce, "Wanne ne ya fashe, shi ko kai?"

Ya tofo a tafin hannu. Dunƙulen na nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Kusa da shi ga rabin haƙori.

"To," in ji Hajiya, ba ta juyo ba. "In ba wannan suke ci ba, me jikokina suke ci?"

Inna Barira ta fito daga zaure, dama a cike take. Ta lissafo mata tun daga ɗanwake har rake, gida-gida, ba ta tsallake ko gwaiba ɗaya ba. Badaru ya ɗaga hannu, yana magana ta gefen baki.

"Amma a ƙarƙashin kulawata ne. Duk abin da suka dafa sai sun aiko min na duba. Inna, faɗi gaskiya, jiya ba ki aiko min da ɗanwake ba?"

"Ni? In aiko maka? Bayan ka ce da ɗanwakena aka lalata ku? Yara na zuba wa."

"Aina'u ta aiko da gyaɗa."

Daga bayan katanga Aina'u ta ce, "Ban aiko ba."

"Mai rogo fa?"

"Ban aiko ba," in ji wata murya.

Sai kowa ya juya ya dubi Ramlat. Tana tsaye da jakar makaranta a kafaɗa, tana murza bakin hijabinta.

"Rabawa muke yi," ta ce a hankali. "In an ba mu, sai mu ci rabi mu ƙulle rabi. Baba ba ya cin komai da rana sai abin da ya dafa, shi kuma ba ya zama a cikinsa."

"Saƙon da nake ba ki fa?" in ji Badaru. "Na maki?"

"Ba na faɗa. Kada su daina ba mu."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ni kaina, da na zo da niyyar in samu abin tsokanar shekara guda, sai na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni, katanga ɗaya tsakaninmu, yara ƙanana sun ga abin da ban gani ba.

Hajiya ta ce, "Ku shiga ku haɗa kayanku."

Badaru ya buɗe baki. Duk garin nan babu wanda ya taɓa ganin ya buɗe baki magana ba ta fito ba, sai ranar. Ya durƙushe a wurin, rabin haƙori a hannu, yana kallon yaransa.

Jamil ya fara tafiya. Ramlat ba ta motsa ba.

"Kaka, in mun tafi wa zai riƙa kawo masa?"

Sai a lokacin Hajiya Amsa ta juyo. Shekara da shekaru tana surukarsa, ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi sosai ba. Ranar ta dube shi tun daga sama har ƙasa: fuska ba gira, kunci a kumbure, ƙasusuwan wuya a waje, riga na lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ta daɗe tana kallo.

"Innalillahi," ta ce. "Haka zan mayar wa Fadima da labari?"

Ta miƙe, ta karkaɗe dardumarta, ta kira Ramlat ta dafa kanta.

"Ku bar kayan. Ramlatu, na bar miki amanarsa. In kun taso ku biyo ta inda kuka saba, ku karɓo da nasa, cikakke ba rabi ba. Barira, a riƙa sa masa mai da yawa. Kada wanda ya sake barinsa ya matsa kusa da murhu. In ya ce muku Bici, ku ce masa to, ku ba shi abinci."

Ta shiga mota ta tafi. Jama'a suka watse a hankali. Umara ya dawo da baya ya tambaya ko ana buƙatar ragowar farantin, babu wanda ya hana shi.

Muka rage ni da Badaru a kan benci. Ya daɗe yana kallon ƙurar motar, sannan ya ɗan gyara zama.

"Ka dai ji da kunnenka, taubashi. An bar min yarana."

"Kai dai aka bar wa yara."

Ya juyo zai ba ni amsa, har ya ɗaga yatsa. Jamil ya zaro guntun dafaffen dankali daga aljihun wandon makaranta, ya hure yashin da ke jiki, ya sa masa a hannu.

"Baba, ci ta ɗaya gefen. A hankali."

Ya sauke yatsan. Ya ci ta ɗaya gefen, a hankali.